Kogi Kan Kawo: Darasin Zane Da Kwamfuta Daga Wani Aikin Aji



Tun zangon karatun da ya wuce editan wannan mujalla yake bina in rubuta wani abu a kan zane da kwamfuta, abin nan da muke ce wa girafik, wai don ya ga rabin fostocin da aka liƙa a allon sanarwa lokacin zaɓen ƙungiya daga laftof ɗina suka fito. Na ce masa ni fa ba malami ba ne, ɗalibi ne mai neman maki kamar kowa. Ya ce ai shi ya sa ya zo wurina. To shi ke nan. Labarin aikin aji guda ɗaya zan ba ku, da yadda muka kwafsa a karon farko, da abin da muka tsinta wajen gyara. Yawancin abin da zan faɗa kana iya gwada shi yau da daddare, ko da waya ce kaɗai a hannunka.

Malaminmu na darasin kwamfuta ne ya raba mu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Ya ce kowane rukuni ya zaɓi wata matsala ta gaske a ƙasar Haɗejiya, ya yi mata fosta a takarda A3. Sai ya sa sharaɗi ɗaya da muka ɗauka wasa ne: kada a kawo masa aiki sai an kai shi wurin mutanen da aka yi dominsu, sun gani, an rubuta abin da suka ce. Wasu suka ɗauki shaye-shaye, wasu rigakafin yara, wasu tsaftar kasuwa. Mu muka ɗauki ambaliya, kuma ni na kawo shawarar. Gonar shinkafar gidanmu tana wajen Auyo. A 2020 na ga ruwa ya shanye ta ana saura kaɗan a yi girbi, a 2022 ya sake. Na san yadda fuskar mahaifina take idan aka ce kogi ya fara tasowa.

Ga wanda ya zo karatu daga nesa, bari in yi ɗan bayani, domin saƙon fostar tamu daga nan ya fito. Kogin Haɗejiya haɗuwar Kogin Kano ne da Kogin Challawa. A kan na farko akwai madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, a kan na biyu akwai ta Challawa da aka kammala a 1992. Idan ruwan ya iso ƙasarmu sai ya tarar da fili shimfiɗaɗɗe, ya rarrabu ya bazu cikin fadamu da dausayi har zuwa wajen Nguru, kafin ya haɗu da ruwan Kogin Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Wannan bazuwar ita ce arzikinmu, ita ke ba mu shinkafa da kifi da noman rani. Ita ce kuma ke cinye mu idan ruwa ya yi yawa a watan Agusta da Satumba, balle ga ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Abin lura a nan shi ne, ruwan da ke shiga gidaje a Auyo ko Kirikasamma ko Guri sau da yawa ba a nan aka yi shi ba. Can sama aka yi shi, yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso. Ana iya wayar gari rana tarwai, mutum ya shanya hatsinsa, alhali ruwa yana hanya.

Fostarmu ta farko

Wallahi a lokacin mun ɗauka babu wanda zai kamo mu a ajin. Mun sauko da hoton ambaliya daga intanet muka shimfiɗa shi a baya gaba ɗaya. Muka rubuta kanu da Turanci, da harafi mai ƙyalli kamar na gwal, muka sa masa inuwa. A ƙasa muka jera shawarwari goma sha biyu, kowace da launinta. Salon harafi, wanda masu sana'ar ke ce wa fon, biyar muka yi amfani da su, don kada a ce ba mu san su ba. Daga can ƙasa kuma muka jera hotunanmu mu biyar a cikin da'ira, kowa ya sha hula ko mayafi, da sunayenmu da lambobin rajista. Kwana huɗu muka yi a kanta.

Ranar kasuwa muka buga guda ɗaya muka nufi wajen masu busasshen kifi, domin a nan ake haɗuwa da mutanen ƙauyukan bakin kogi. Muka samu wani dattijo yana jera kifinsa a kwali, muka gaishe shi. Na ce, "Baba, don Allah ka duba mana wannan takardar, ka faɗa mana abin da ka fahimta." Ya goge hannu, ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya sake matso da ita. Ya ɗan jima. Sannan ya ɗago ya ce, "To samari, wanne ne ɗan takarar a cikinku?"

Muka yi dariyar yaƙe. Shi kuwa da gaske yake. Ya ga fuskoki biyar, ya ga ƙyalli, ya ga Turanci, kuma duk takardar da ya taɓa gani mai wannan kama ta siyasa ce. Da muka yi masa bayani sai ya sake duba hoton, ya ce, "Wannan ai ba garinmu ba ne. Ku dubi gidajen." Gaskiyarsa. Hoton wata ƙasa ce a yankin Asiya, mu ko lura ba mu yi ba.

Da muka kai wa Malam rahoto bai yi faɗa ba. Ya ce mu rufe laftof, mu ɗauko biro da takarda, mu amsa tambaya huɗu: wa zai karanta, a ina zai gan ta, daga wane nisa, kuma wane abu guda ɗaya muke so ya tafi da shi. Ya ce wanda ya buɗe CorelDRAW kafin ya amsa waɗannan, ado zai yi, kuma ado ba shi ne aikin da ya ba mu ba.

Lissafin nisa

Amsarmu ita ce: manomi ko masunci ko mai kiwo, a bangon masallaci ko rumfar mai shayi ko tasha, yana wucewa a ƙafa ko a kan babur, daga nisan kamar mita shida. Daga nan komai ya zama lissafi. Masu rubuta allon shaguna suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: kowace mita 3 ta nisa tana son harafi mai tsayin inci ɗaya, wato kusan santimita 2.5, kafin a karanta shi ba tare da wahala ba. Mita shida ke nan sai harafi mai santimita 5. Takarda A3 kuma faɗinta santimita 29.7 ne, tsawonta 42. Idan ka jera haruffa masu wannan girman, bakwai ko takwas ne za su shiga layi ɗaya. Ka ga ke nan kanunka ba zai wuce kalma uku ko huɗu ba, ko kana so ko ba ka so. Takardar ce ta yanke maka hukunci.

Mun so mu rubuta "Ambaliya". Sai wata 'yar rukuninmu ta tuna mana cewa duk hirar da muka yi da Baba bai furta wannan kalmar ba ko sau ɗaya. Abin da yake cewa shi ne "idan kogi ya kawo". Ambaliya kalmar rediyo ce, kowa ya san ta, amma wadda ke bakin mutane ita ce ta fi saurin shiga kunne. Muka rubuta KOGI KAN KAWO da manyan baƙaƙe a layi biyu, a ƙasansa da harafi matsakaici muka sa "ko ba a yi ruwa a garinku ba".

Wannan shi ake kira matakan rubutu, kuma idan abu ɗaya za ka ɗauka daga wannan maƙala to ɗauki wannan. Ido ba ya karanta takarda gaba ɗaya, yana fara sauka a kan abin da ya fi girma ko ya fi duhu, sannan ya gangara. Aikinka ne ka zaɓar masa inda zai fara. Mataki uku sun isa: kanu, sai bayani na biyu, sai ƙananan bayanai. Kuma bambancin girmansu ya fito fili. Idan kanu 40 ne bayani 36, ido zai rasa wanne ne babba. Yadda za ka gwada: ƙanƙantar da aikin a fuskar kwamfuta har ya koma kamar akwatin ashana, ko ka ajiye wayar ka ja da baya taku biyar ka ƙanƙance ido. Abin da ka iya gani a nan shi mai wucewa zai gani. Da muka yi wa fostarmu ta farko wannan gwajin, fuskokinmu kawai suka rage.

Shawarwari goma sha biyu muka tace suka koma uku: ku ɗaga hatsi daga ƙasa, ku kai yara da tsofaffi da dabbobi tudu, ku tafasa ruwan sha. An yi musu sosai a kan wannan, domin kowa yana ganin tasa shawarar ce ba za a cire ba. A nan Malam ya ba mu labarin tutar Najeriya. Ɗalibi ne ya zana ta, Michael Taiwo Akinkunmi, a 1959 yana karatu a Landan. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin. Alƙalan gasar suka cire ranar, suka bar kore da fari da kore, abin da yaro ɗan firamare ke iya zanawa da ka. Malam ya ce idan an iya cire rana daga tuta, mu ma ma iya cire hotunanmu daga fosta. Muka cire. Sunayen rukuni muka mayar bayan takardar da muka miƙa masa.

Batun launi ba zan daɗe a kai ba. Abin da ke sa a ga rubutu shi ne bambancin haske da duhu tsakaninsa da bayansa. Ja a kan shuɗi yana da kyau a waya, amma duhunsu kusan ɗaya ne, ido yana wahala. Baƙi a kan ruwan ɗorawa kuwa tun daga nesa yake kira. Akwai kuma mutane, yawanci maza, da ba sa bambance ja da kore sosai, don haka kada saƙonka ya dogara a kan launi kaɗai. Gwajin mai sauƙi ne: kai aikin wajen mai fotokofi ya buga maka baƙi da fari. Dama ƙarshenta haka za a yi da shi idan kuɗi suka ƙare. Idan har yana karantuwa, to launukanka sun yi. Mu uku muka tsaya a kai: ruwan ɗorawa a baya, baƙi a rubutu, shuɗi a ruwa.

Baƙaƙe masu ƙugiya, da ajami

Nan ne na fi so mu tsaya, domin matsala ce tamu da bidiyon koyarwa na YouTube ba zai faɗa maka ba.

Rubutun boko na Hausa yana da ɓ da ɗ da ƙ tun shekarun 1930, da su aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a 1939. A Nijar akwai ƙarin ƴ, inda mu muke rubuta 'y. Amma yawancin fon masu kyau da muke saukowa da su kyauta, waɗanda suka ƙirƙire su ba su san da waɗannan baƙaƙen ba. Idan ka rubuta ƙ a irin wannan fon, abu biyu ke faruwa. Ko dai kwamfuta ta sa maka akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani fon daban ta cusa, sai ka ga harafi ɗaya siriri a tsakiyar masu kauri kamar baƙo a gidan biki. Da yawanmu sai mu gudu, mu rubuta k da d kawai, mu ce ai za a gane. Wani lokacin a gane. Amma dubi layinmu na farko: "Ku ɗaga hatsi daga ƙasa." Cire ƙugiyar ka gani, ya koma "ku daga hatsi daga kasa". Wanda ya saba karatu zai wuce, wanda ke haɗa baƙi da wasali a hankali sai ya tsaya ya sake. Haka baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari. Mutumin da muke yi wa fostar yana cikin masu karatu a hankali, ba mu da hujjar ƙara masa aiki.

Maganin ba shi da tsada. Kafin ka zaɓi kowane fon, rubuta ɓ ɗ ƙ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ a ciki ka duba, musamman manyan, domin akwai fon da ke da ƙananan babu manyan. Noto Sans na kamfanin Google yana da su duka, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL, kuma duk kyauta ne. Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi, shi muka ɗauka. A waya, saka Hausa a cikin harsunan Gboard, baƙaƙen za su fito. Fon biyu sun ishe ka a aiki ɗaya, ɗaya na kanu ɗaya na bayani. Ɗaya ma ya isa idan yana da mai kauri da siriri.

Sai ajami. Baba ya faɗa mana boko yana tsintarsa ne kaɗan-kaɗan, amma ya yi karatun allo, ajami kuwa kamar ruwa. Irinsa suna da yawa a ƙauyukanmu, kuma mu 'yan boko mukan sa su a layin waɗanda ba su iya karatu ba, alhali mu ne ba mu iya nasu ba. Duba aljihunka: a takardun naira 200 da 500 da 1000 har yau akwai ajami, a 2007 ne aka cire shi daga ƙananan takardu. Muka yanke shawarar kanu da shawarwarin uku su fito da rubutu biyu.

A nan ma muka kusa kwafsawa. Na buɗe allon rubutun Larabci na bubbuga yadda na ga dama, sai manhajar ta wargaza haruffan, kowanne ya tsaya shi kaɗai daga hagu zuwa dama. Ko da na gyara wannan, abin da ya fito salon littattafan ƙasashen Larabawa ne. Wanda ya yi karatun allo a nan ya saba da rubutun Warshu: fa ɗigonta a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon nan na ƙasa da ke ba da wasalin e. Kuma ajamin Hausa ba ya tafiya babu wasali. Akwai fon da aka yi don irin rubutunmu, Alkalami da Harmattan, su ma na SIL ne, na farkon an kwaikwayi hannun marubutan Kano ne. Duk da haka ba mu yarda da kanmu ba. Muka je wajen wani alaramma a cikin gari, muka ce, "Gafarta Malam, taimako muke nema." Ya rubuta mana layukan da alƙalaminsa da tawada a farar takarda. Muka yi sikanin, muka share bayan, muka mayar da shi zane. Hannunsa ya fi duk fon da ke laftof ɗina kyau, ba kusa ba.

Zaman da muka yi a zaurensa ya sa na ga wani abu. A jingine akwai allon sauka da aka yi wa zayyana, ja da kore da ruwan ɗorawa, komai a ma'auni, gefe da gefe sun yi daidai, an bar fili inda ya kamata. Abin da muke biyan data muna koya a matsayin daidaito da maimaici da tazara, ga shi nan a allo, ga shi a aska takwas ta babbar riga, ga shi a dagin da magina ke yi a bangon soro. Siririn layin da muka zagaye fostar da shi daga wannan allon muka ɗauko fasalinsa.

Hoto: fiksel da bekta

Tunda hoton aro ya ba mu kunya, muka ce mu zana namu. A nan ya kamata ka san bambancin iri biyu na hoto a kwamfuta. Hoton da kyamara ke ɗauka tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, adadinsu a ƙidaye yake. Idan ka ja shi ya fi ƙarfinsa sai ya dushe ya farfashe. Don bugu mai kyau da za a duba kusa ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato A4 tana son fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsaye, A3 kuma 3508 da 4961. Hoton da ka kwafo daga Facebook da wuya ya kai rabin haka. Babbar bana da za a rataye a gani daga nesa ba ta buƙatar wannan yawan, amma fosta tana so. Photoshop da GIMP a wannan ɓangaren suke aiki.

Iri na biyu shi ne bekta. Shi ba ɗigo ba ne, layuka ne da lanƙwasa da kwamfuta ke lissafawa, don haka zane ɗaya zai fito tas a kan sitika, ya fito tas a kan allon bakin titi. Tambari da rubutu da zane mai sauƙi duk a nan ya kamata a yi su. CorelDRAW da Illustrator da Inkscape nan suka dosa. Shawarata, ka koyi CorelDRAW ko yaya, domin shi za ka tarar a yawancin shagunan bugu daga nan har Kano. Idan ba ka da halin sa, Inkscape kyauta ne kuma ba ya cin ƙarfin kwamfuta. Masu waya kaɗai, Canva da PixelLab sun isa ku koyi duk abin da na faɗa a sama game da girma da launi da tazara. Kada rashin laftof ya zama uzuri, wadda ta fi kowa ido a rukuninmu da waya take aiki. Kuma ka saba da danna Ctrl da S kamar numfashi. Wutar nan ba sallama take yi ba idan za ta tafi.

Mun zana buhuna a kan dakali, da mace riƙe da yaro tana kora awaki zuwa tudu, da tukunya a kan murhu. Ɗaya daga cikinmu ya fara zanawa da fensir, muka ɗauki hoto da waya, na bi layukan a kwamfuta. Babu fuska, babu ƙawa, baƙin zane kawai kamar inuwa.

Wajen mai bugawa

Kuɗinmu na farko a nan ya ƙone. Na tura fayil ɗin ta WhatsApp a matsayin hoto, ban san yana matse hoto ya rage masa fiksel ba. Aka buga gwaji, ajamin ya dushe. Na koma da fayil ɗin asali a filas. Kwamfutar shagon ba ta da Andika, ta musanya shi da wani fon, aka buga guda goma kafin mu lura layin farko ya zama akwati, "aga hatsi daga", akwati, "asa". Na ce, "Oga, ya haka?" Ya ce shi abin da na ba shi ya buga. Kuma da gaskiyarsa, laifina ne.

Ga abin da na koya da kuɗin aljihuna. Idan ka gama, ajiye kwafi ɗaya da za ka iya gyarawa, sannan a kwafi na biyu ka zaɓi duk rubutun ka mayar da shi zane. A CorelDRAW Ctrl da Q ke yin wannan. Daga nan ko kwamfutar ba ta da fon ɗinka babu abin da zai canza. Fitar da shi PDF, kuma idan ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil. Launi kuma, fuskar waya da haske take haɗa shi daga ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin bugu da tawada huɗu yake haɗawa, shi ne CMYK, kuma tawada ba ta iya kai hasken sikirin. Shuɗin nan mai walƙiya zai fito a dushe, gara ka sa aikin a CMYK tun farko ka ga gaskiyar abin da za ka samu. Ƙananan rubutu ka yi su da baƙar tawada zalla, domin idan baƙin haɗin launi huɗu ne kuma injin ya ɗan goce, gefen haruffa zai yi inuwa. Idan launin baya ya kai bakin takarda, ƙara milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka, rubutu kuma ka janye shi ciki. Sannan duk saurin da kake yi, a buga guda ɗaya tukuna, ka karanta shi harafi-harafi, ka ba wani ma ya karanta.

Komawa kasuwa

Bayan mako biyu muka koma wajen Baba. Na tsaya nesa da shi kamar taku takwas na ɗaga takardar. Ya karanta ajamin da ƙarfi tun kafin in matso, maƙwabtansa suka taso. Daɗi ya kama mu. Sai ya sa yatsa a layi na biyu ya ce, "Tudu kuka ce. Wane tudun? Mu a garinmu makarantar firamare ake zuwa, su waɗancan sai sun hau titi." Ba mu da amsa, domin kowane gari da inda yake fakewa. A hanyar dawowa dabara ta zo: muka buɗe farin fili a ƙasan fostar, muka rubuta "Wurin taruwa a garinmu:" muka bar layi, don mai unguwa ko limami ya cike da maka. Wannan filin da babu komai a cikinsa shi Malam ya fi yabawa a duk aikin.

'Yan matan rukuninmu kuma suka shiga da ita gidaje a unguwarsu. Abin da suka dawo da shi bai zo mana a rai ba ko kaɗan. Wata tsohuwa ta ce musu, "'Yan nan, mu da ke cikin gida yaushe za mu ga abin da ke bangon masallaci? Kuma hatsin da yaran a hannun wa suke?" Saboda haka muka sake tsara ta a tsaye don waya, fiksel 1080 da 1920, muka rage rubutun, muka haɗa da saƙon murya na rabin minti da ɗaya daga cikinsu ta karanta. Tsarin takarda ba ya zama a waya haka nan, sai an sake jera komai.

Abu ɗaya Malam ya hana mu. Mun so mu sa tambarin hukumar ba da agajin gaggawa don fostar ta yi kwarjini. Ya ce ba a sa tambarin kowa sai da izininsa a rubuce, kuma mu ba masu hasashen ruwa ba ne. Akwai NiMet da ke fitar da hasashen damina, akwai NIHSA da ke fitar da na ambaliya duk shekara. Namu shi ne mu ce wa mutane su saurari rediyo da sanarwar masu unguwa, shi muka ƙara da ƙaramin rubutu a can ƙasa.

Guda talatin muka iya bugawa da karo-karonmu. Na kai biyar garinmu da kaina. Da na je hutu bayan wata biyu na tarar da guda ɗaya a rumfar mai shayi, an cike layin da sunan makarantar firamare da rubutun wani. Rana ta cinye ruwan ɗorawar ya koma fari-fari, shuɗin ya kwashe, damshi ya naɗe gefe ɗaya. Baƙin rubutun da ajamin alaramma suna nan daram. 'Yan ajin da ke bayanmu, idan Malam ya ba ku wannan aikin kuma kuka ɗauki ambaliya, ku zo in ba ku fayil ɗin ku ɗora a kai, amma ku tanadi kuɗin leda ko ku buga a kan bana, kuma ku fita da ita tun watan Yuni.